Iskar jajayen taurari: ga amsa, don Allah a daina maimaitawa

Tun ranar da na faɗa a teburin mai shayi a Pantami, nan Gombe, cewa manyan jajayen taurari suna fitar da iska ake ta turo min tambayoyi iri ɗaya. To gashi.

Iska ce irin ta hunturu?

A'a. Gas ne da ƙura tauraron ke zubarwa daga jikinsa.

Tunda tauraron ya huce me ke tura ta?

Wa ya ce maka ya huce? Digiri 3,000 fa, kawai dai bai kai Rana ba. Ya tsufa ya kumbura, riƙonsa ya yi sako-sako, yana buɗewa yana tsukewa, kowane bugu sai ya cilla gas sama. Can sama gas ɗin ya sha sanyi ya daskare ya zama ƙura, hasken tauraron ya tunkuɗa ƙurar, ita kuma ta ja gas ɗin su tafi tare. Ƙurar 'yar kaɗan ce, kamar yaro ɗaya yana kora garke guda.

Gudu fa?

Kilomita 10 zuwa 20 a sakan. Iskar da Rana ke fitarwa tana yin 400.

Zan iya gani da idona daga Gombe?

To, eh kuma a'a. Iskar kanta ba za ka gani ba, kar ka ɓata kuɗinka kan tabarau. Amma alamarta, wataƙila. Ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 wani babban jan tauraro mai suna Betelgeuse ya dusashe sosai har aka fara cewa fashewa zai yi, ashe gas ya amayar ya zama ƙura ta rufe masa fuska, duk wanda ya san shi a lokacin ya lura. Matsalarmu anan, lokacin da yake sama da daddare, Disamba zuwa Maris, shine lokacin hazo, sai ka ga ya dusashe ka kira ni ƙarfe 11 alhali ƙurar Sahara ce a kanka. Ka gwada shi da Aldebaran, jan nan da ke bin Kaza da 'ya'yanta, in duka sun yi dishi-dishi to hazo ne, je ka kwanta. Ka fita bayan gari kuma, fitilun sola na kashe ido. In kana da haƙuri akwai wani jan tauraro mai suna Mira, yana ɓacewa ya dawo duk kwana 332, wannan bugun da na faɗa kenan.

Shi Aldebaran ɗin ƙura ke tura tasa?

A'a, ya yi zafi da yawa, ƙura ba ta taruwa. Masana sun fi zargin igiyoyin maganaɗisu, har yau ana gardama.

Rana ma za ta yi haka?

Za ta yi, nan da shekara biliyan 5 ko fi. Kwantar da hankalinka, ka biya bashin mai shayi tukuna.