Yawon Keke a Gonakin Inabi na Alsas

Alsas yanki ne da ke gabashin Faransa, wanda Kogin Rhine ya raba shi da Jamus ta gabas, duwatsun Vosges kuma suka tokare shi ta yamma. A gindin waɗannan duwatsu, inda tudu ke gangarowa ya haɗu da fili, akwai wani siririn zirin ƙasa da gonakin inabi suka lulluɓe, kuma nan ne hanyar da ta yi suna wajen masu yawon keke ta ratsa. An buɗe hanyar mota ta yankin inabin a shekarar 1953, tana da tsawon kimanin kilomita 170 daga Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu. Da ta cika shekara 60, wato a 2013, sai aka ƙaddamar da takwararta ta masu keke, wadda ta ɗan haura kilomita 130, kuma ɓangare ce na doguwar hanyar keken nan ta EuroVelo 5 da ta taso daga Ingila ta bi ta Roma har zuwa Brindisi a kudancin Italiya.

Yanayin ƙasar

Iskar da ke ɗauko ruwa daga yamma takan zubar da mafi yawansa a kan duwatsun Vosges kafin ta tsallako, shi ya sa birnin Colmar yake cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, inda abin da ake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba. Gangaren da ke fuskantar gabas da kudu yana samun rana tun da sanyin safiya, inabi kuma yana nuna a hankali har cikin kaka. Gonakin sun kai hekta 15,000, kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ake sarrafawa kuwa farar giyar inabi ce, daga ire-ire irin su Riesling da Gewurztraminer da Sylvaner. Akwai gonaki 51 da hukuma ta ware a matsayin mafi daraja, kuma matafiyi zai riƙa ganin sunayen wasunsu an rubuta da manyan haruffa a jikin tudu.

Wannan tsarin ƙasa shi ne ya sa keke ya dace da wurin fiye da mota. Ƙauyukan suna kusa da juna, sau da yawa tazarar kilomita biyu zuwa biyar ce a tsakaninsu, ta yadda mai mota yakan wuce uku kafin ya ga ɗaya da kyau. Hanyar keken tana bin ƙananan titunan gona masu kwalta, da wasu tsofaffin layukan dogo da aka mayar hanyar keke, ba ta hawa duwatsun sosai, sai dai hawa da gangara gajeru da ke maimaituwa, waɗanda gajiyarsu kan taru a ƙafa kafin yamma. Wanda yake son hawa na gaske sai ya ratse zuwa gidan sarautar Haut-Koenigsbourg da ke kan dutse mai tsayin mita 757, wanda Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sa aka sake gina shi tsakanin 1900 da 1908.

Ƙauyuka da tarihinsu

Arzikin inabi ne ya gina waɗannan garuruwa tun ƙarnonin baya, lokacin da ake lodin giya a jiragen ruwa ana bi da ita ta Rhine zuwa arewacin Turai, kuma da yake dukiya tana jawo mahara, yawancinsu sun kewaye kansu da ganuwa. Bergheim har yanzu tana riƙe da mafi yawan ganuwarta. A Riquewihr, hasumiyar Dolder da aka gina a 1291 tana nan tsaye a bakin babban titi, a Hunawihr kuwa cocin ƙauyen ne aka kewaye da katanga domin jama'a su fake a ciki idan an kawo hari. Gidajen suna da ƙira iri ɗaya da ba ta ɓoyuwa: ƙasan na dutse, saman kuma katakai ne aka harɗa aka cike tsakaninsu, aka shafe da fenti shuɗi ko ja ko ruwan ɗorawa, da babbar ƙofa mai baka wadda amalanken inabi ke shiga har tsakar gida.

Eguisheim ta fi kowanne ban sha'awa ta fuskar tsari, domin titunanta zagaye suke, zobe cikin zobe, suna kewaye da fadar da ke tsakiya, kuma ita ake dangantawa da haihuwar Fafaroma Leo na Tara a 1002. Titunan dutse ne aka jera, ga ƙunci, don haka mai hankali yakan sauka ya tura kekensa. A Kaysersberg aka haifi Albert Schweitzer a 1875, likitan da ya kafa asibiti a Lambaréné ta ƙasar Gabon, ya kuma sami kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1952. Turckheim ta riƙe tsohuwar al'adar mai gadin dare, wanda ke zagaya gari da fitila yana waƙa da ƙarfe goma na dare a watannin zafi.

Ba duk ƙauyukan ne suka tsira da tsufansu ba, kuma wannan abu ne da ya kamata matafiyi ya lura da shi. Alsas ta koma hannun Jamus a 1871, ta dawo Faransa bayan yaƙin duniya na farko, Jamus ta sake mamaye ta a 1940. A hunturun 1944 zuwa 1945 an gwabza ƙazamin faɗa a kewayen Colmar, inda aka ragargaza Bennwihr da Mittelwihr da Sigolsheim da Ammerschwihr kusan baki ɗaya. Wanda ya baro Riquewihr a kan keke, cikin 'yan mintuna zai shiga garuruwan da gidajensu sababbi ne, a saman tudun Sigolsheim kuma akwai maƙabartar sojojin Faransa, wadda ta ƙunshi kaburburan Musulmi da yawa daga cikin dakarun da aka kawo daga Afirka ta Arewa.

A kan rufin coci da hasumiyoyi ana ganin manyan sheƙuna na wata farar tsuntsuwa 'yar uwar shamuwa, wadda ta zama alamar yankin. Tsuntsayen sukan yi ƙaura ta mashigar Jibralta zuwa Afirka ta Yamma, kuma farin da aka yi a Sahel a farkon shekarun 1970, haɗe da farauta da wayoyin lantarki, ya kusa ƙarar da su, har a 1974 ma'aurata tara kacal suka rage a Alsas. Cibiyar da aka buɗe a Hunawihr a 1976 tana cikin waɗanda suka farfaɗo da su.

Shirin tafiya

Yawancin mutane kan raba tafiyar zuwa kwana uku ko huɗu, suna kwana a garuruwa irin su Obernai da Ribeauvillé da Colmar. Jiragen ƙasa na yankin suna ɗaukar keke, saboda haka wanda ya gaji yana iya gangarawa tasha ya taƙaita tafiyarsa. Lokaci mafi kyau shi ne daga Mayu zuwa Oktoba. A Satumba da Oktoba ake girbi, ganyen inabi ya koma ruwan zinariya, amma a lokacin ne taraktoci da masu tsinka ke cika titunan gona, kuma manomi ne ke da haƙƙin hanya, domin wurin sana'arsa ne kafin ya zama wurin shaƙatawar wani. Tsinkar inabi a gonar mutum ba da izini ba kuwa sata ce, komai ƙanƙantarta.

Birki mai kyau ya fi komai muhimmanci, sai famfo da kayan faci da ruwan sha. Keke mai batir ya sauƙaƙa hawan tudu ga dattawa da masu iyali. Dokar Faransa ta wajabta hular kwano ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, kuma haramcin tuƙi cikin maye ya shafi mai keke kamar yadda ya shafi mai mota. Wanda ba ya shan giya, saboda addini ko lafiya, ba ya rasa komai na ainihin tafiyar, domin manoma da dama suna sayar da ruwan inabi da ba a tsima ba, sai dai ya kamata Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci abincin gargajiyar yankin, tunda da yawansa akwai naman alade a ciki.

Cunkoson baƙi ya zama matsala a Riquewihr da Eguisheim da Kaysersberg, musamman a tsakiyar rana lokacin hutu, shi ya sa ya fi dacewa a shige su da sassafe, a kuma ba ƙauyuka irin su Mittelbergheim da Andlau da Dambach-la-Ville lokacin da suka cancanta. Daga Colmar zuwa kudu jama'a kan ragu, hanyar ta bi ta Rouffach da kusa da Guebwiller har zuwa Thann, inda gonar Rangen take a kan ƙasar aman wuta mai tsananin gangara, wadda tarakta ba ta iya hawa, sai da hannu ake yawancin aikinta.