Tsofaffin finafinan kimiyya da na 'yan cin gashin kai: a kan me masu kallo ke gardama?

Wane fim ake kira na ƙagen kimiyya, kuma yaushe yake zama "na asali"?

Shi ne wanda ya ɗauki wani abu na kimiyya, kamar tafiya sararin samaniya, ko na'ura mai tunani, ko komawa baya cikin lokaci, ya ɗora labari a kai. Na asali kuwa shi ne wanda ya kwana biyu amma ba a daina zancensa ba. Galibi da Metropolis ake fara lissafi, fim ɗin Fritz Lang na Jamus a 1927, wanda babu magana a cikinsa. An daddatse shi bayan fitarsa, sai a 2008 aka tsinci kwafin da ya kusa cika a wani gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina.

Me ya sa 2001: A Space Odyssey ke raba kan jama'a?

Ba ya sauri, kuma ba ya yi wa kowa bayani. Stanley Kubrick ya fitar da shi a 1968, shekara guda kafin ɗan Adam ya taka wata. Sai ka shafe fiye da minti 20 ba ka ji kalma ko ɗaya ba. Birai ne a fako, ɗaya ya ɗauki ƙashi ya gano ana fasa kai da shi, ya cilla shi sama, ƙashin na juyawa sai hoto ya yanke, ga kumbo yana shawagi. Masoyansa suna cewa wannan yankan kaɗai ya haɗiye tarihin ɗan Adam. Masu ƙinsa su ce barci ya sace su tun kafin a kai nan. Ni dai ban ga maƙaryaci a cikinsu ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne HAL 9000, kwamfutar jirgin mai jan ido guda, wadda ke kashe 'yan sama jannati cikin tattausar murya kamar mai ba da haƙuri.

Blade Runner fa, wanne ne na gaskiya a cikin kwafinsa?

Nan ake tada jijiyar wuya. Da ya fito a 1982 bai yi kasuwa ba, kuma masu kuɗin sun sa an ɗora muryar Harrison Ford tana bayani, aka liƙa masa ƙarshe mai daɗi. A 1992 aka fitar da wani kwafin da ya cire duka biyun, ya ƙara mafarkin doki mai ƙaho ɗaya. A 2007 daraktan fim ɗin, Ridley Scott, ya fitar da nasa na ƙarshe. Wannan mafarkin ne ya hura wutar tambayar da har yau ba ta mutu ba: shi Deckard, mai farautar mutanen ƙira da Ford ya fito a matsayinsa, mutum ne ko shi ma ƙerarre ne? Scott ya ce ƙerarre ne, Ford kuwa ya shafe shekaru yana ja da shi.

Ke nan masoya suna son a riƙa gyara tsohon fim?

Ya danganta da gyaran. George Lucas ya yi wa Star Wars na 1977 kwaskwarima da kwamfuta a 1997, har ya sauya wanda ya fara harbi tsakanin mutum biyu na cikin labarin, Han Solo da Greedo. Masoya da yawa ba su yafe masa ba.

Shi kuma fim na cin gashin kai, me ya bambanta shi?

A taƙaice, ba manyan kamfanonin Hollywood ne suka zuba kuɗin yin sa ba. Sai dai ma'anar tana da santsi: Lucas ne da kansa ya nemo kuɗin The Empire Strikes Back na 1980, ci gaban Star Wars, amma ka kira shi fim na cin gashin kai a gaban masu zuwa Sundance, bikin finafinan cin gashin kai na Amurka, ka ga kallon da za su yi maka. Abin da suke nufi shi ne ƙaramin kuɗi da daraktan da babu mai taka masa burki.

Ƙarancin kuɗi yana sa fim ya fi kyau ne?

Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Primer na Shane Carruth, wanda aka yi da kimanin dala 7,000, ya kuma lashe babbar kyautar alƙalai a Sundance a 2004. Injiniyoyi ne a gareji suka ƙera akwatin komawa baya cikin lokaci ba da niyya ba, labarin ya murɗe har masoya ke zana taswira don su gane wa ya riga wa. Akwai kuma Moon na Duncan Jones a 2009, inda Sam Rockwell ya ɗauki kusan dukan fim ɗin shi kaɗai, motocin kan watan kuwa 'yan ƙananan samfura ne da aka ƙera da hannu.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ban saye ta duka ba. Waɗanda suka yi fice kawai ake tunawa, tulin da aka yi da ƙaramin kuɗi suka lalace babu mai ambatonsu. Shi kansa 2001 ɗin da ake kambamawa, kamfanin MGM ne ya kashe masa miliyoyin daloli.