Doka ɗaya ta kare su, amma tsuntsu ya fi malam-buɗe-littafi gata

A Amurka akwai dokar kare halittun da ke dab da ƙarewa, shugaba Nixon ya sa mata hannu a Disambar 1973. Abin da ta ce a taƙaice, da zarar an sa sunan dabba a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, to ba ka da ikon kashe ta ko kama ta ko lalata mazauninta har ta cutu, ko da filin naka ne. Wanda ya yi da gangan ana iya cin sa tarar har dala 50,000 da ɗaurin shekara guda.

To ga halittu biyu da duk ake samu a jihar Mishigan. Ɗaya ƙaramin tsuntsu ne mai rera waƙa, ana ce masa Kirtland, ba ya sheƙa sai a ƙasa ƙarƙashin wani irin icen fayin tun icen yana ƙarami, in sanyi ya shigo ya tafi tsibiran Bahamas. Ɗayan kuwa malam-buɗe-littafi ne shuɗi mai suna Karner, tsutsarsa ganye ɗaya tal take ci, na wani tsiro da ake ce wa lupin ɗin daji. Dukkansu gobarar daji ce ke buɗe musu fili, da mutane suka hana wuta ci sai mazauninsu ya yi ta ƙanƙancewa.

Tsuntsun dai ya sha. A 1987 maza 167 kawai aka ƙirga suna waƙa, sai aka dage da dasa itatuwa da ɗana wa wani tsuntsu tarko, wanda ke zuwa ya zuba ƙwansa a sheƙar Kirtland, yawansu ya haura ma'aurata 2,000, a 2019 aka cire shi daga jerin. Karner kuwa tun 1992 yake ciki har yau.

Inda abin ya dame ni shi ne nan. Dokar ta yarda a ware wani rukuni na tsuntsu ko kifi ko wata dabba mai ƙashin baya a wani yanki a ba shi kariya shi kaɗai, amma ƙwaro ba shi da wannan damar, sai dai a duba jinsin ko reshensa gaba ɗaya. Wato ƙwaron da bai shiga jerin ba zai iya ƙarewa ƙaf a wani yanki doka ba ta motsa ba. Ni gaskiya ban ga adalci a nan ba, don ƙwaron da ba ya iya yin nisa shi ya fi buƙatar a kula da shi wuri-wuri.

Sannan ko da aka cire Kirtland, dokar 1918 ta tsuntsaye masu ƙaura tana nan ta hana kashe shi ko taɓa sheƙarsa. Karner ba shi da makamanciyarta. Abin da ke riƙe da shi a jihar Wiskonsin yarjejeniya ce ta 1999, masu filaye da kamfanoni su ci gaba da aikinsu da izini ko wasu daga cikin Karner sun mutu bisa kuskure, su kuma su kula da filayen lupin.