Asirin Wa Kuke Rufawa?

Iyaye, don girman Allah ku daina kawo mana yarinya asibiti bayan sati biyu. Na gaji da jin "ai so muka yi a rufa asiri". An yi wa 'yarku fyaɗe, kun gasa ta da ruwan zafi, kun wanke zanen, maza sun zauna a zaure an ba da haƙuri an karɓi kuɗin magani, sai da fitsari ya gagare ta ko ciki ya bayyana kuka tuna da asibiti. Asirin wa kuka rufa? Nata dai bai rufu ba, duk unguwa an sani. Na wancan ƙaton kuka rufa, gobe ya tare 'yar maƙwabta mai tallan gyaɗa.

Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kwana uku ke nan, a sha na kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana kaiwa kwana biyar, amma da wuri ya fi aiki. In kuka ɓata kwanakin nan wajen sulhu, me kuke so mu yi?

Na san abin da ke ɗaure muku ƙafa, Hajiya, bakin mutane ne da tsoron kada ta rasa miji. Ku duba Facebook ranar da irin wannan labari ya fita: "Me ya kai ta shagonsa?" "Wane kaya ta sa?" Mu da muke duba su mun ga masu hijabi har ƙasa, mun ga 'yar shekara huɗu da ko ɗaura zane ba ta iya ba, mun ga yara maza. Binciken da aka yi a Najeriya a 2014 ya nuna ɗaya cikin 'yan mata huɗu, da ɗaya cikin yara maza goma, an ci zarafinsu ta wannan hanya kafin su kai shekara 18. Kuma sau da yawa mai aikata hakan na gida ne, wanda ake aiken ta wurinsa. Ga fim da waƙa da barkwancin TikTok suna koya wa samari cewa "a'a" ɗin mace jan aji ne kawai. Da mata suka fito da maganar #ArewaMeToo a 2019, suna ba da labarin cin zarafin da aka yi musu a soshiyal midiya, zagi da yawansu suka sha, wai sun zubar da mutuncin Arewa. Su kuwa abu ɗaya suke ta faɗa, ni ma shi nake faɗa: kunyar ta wanda ya aikata ce.

Akwai dokar VAPP, ta hana cin zarafin mutane, tun 2015, Kaduna ma ta tsananta hukunci a 2020, amma alƙali ba ya hukunta maganar da aka binne a zaure.

To in ta faru: kada a yi mata wanka, kada a wanke kayan, a naɗe su a takarda ba leda ba. A taho a ranar, ko da dare ne. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna cibiyoyin Salama, a Sakkwato cibiyar Nana Khadija. In sun yi nisa, asibiti mafi kusa. Ko kun riga kun yi wankan, ko kwana ukun sun wuce, ku taho, akwai sauran abin da za a duba. Kuma a hanya kada wanda ya dake ta ko ya tsare ta da tambayar me ta je yi.