Iya jawabi a gaban jama'a

Iya jawabi a gaban jama'a shi ne mutum ya tashi gaban taro, na mutum 10 ne ko na dubu, ya faɗi abin da ya kawo shi yadda za a ji, a gane, kuma a tashi da shi a ka. Ya haɗa da huɗuba da wa'azi, jawabin ɗaurin aure da walima, maganar shugabar adashi a reniyon mata, wato taron ƙungiyarsu, ɗan lise, wato sakandare, da aka ce ya fito gaban allo ya yi bayani, har da wakilin unguwa da zai kai kukan mutanensa gaban Lamido ko supurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma. Da yawa suna ɗauka baiwa ce kawai, wai wane da bakinsa aka haife shi, to baiwar akwai ta ba a musu, amma mafi yawan abin koyo ne kamar ɗinki, sai an ɓata yadi kafin hannu ya faɗa.

Asali

Girkawa na cikin waɗanda suka fara zama suka rubuta ƙa'idojin abin. Aristotil, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce abu uku ke sa a karɓi magana: mutuncin mai maganar a idon masu saurare, yadda ya taɓa zukatansu, da ƙarfin hujjarsa. Larabawa kuma suna da ilimin balaga mai rassa uku, ma'ani da bayan da badi'i, wanda har yau ana karanta shi a zaurukan malamai.

A Alƙur'ani, cikin suratu Ɗaha, da aka aiki Annabi Musa (AS) wurin Fir'auna ya roƙi Allah ya buɗe masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. A lura da abin da ya nema, a fahimta. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita kalma sau uku don a gane ta, a Muslim kuma an ruwaito cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum.

Hausawa ma suna da nasu gwanayen tun da, sanƙira da mai shela da maroƙi, masu ɗaga murya ta kai ƙarshen fili ba lasifika. A zamanin nan akwai ƙungiyoyin koyon abin, wadda ta fi suna ita ce Toastmasters da Ralph Smedley ya kafa a 1924 a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a Amurka. Yawancin jawabansu minti 5 zuwa 7 ne, ana nuna wa mai magana kore da rawaya da ja don ya san inda lokacinsa ya kai, kuma akwai wanda aikinsa kawai ya ƙirga sau nawa ka ce "eh.." ko "am..".

Harshe da tafinta

Nan ne lamarin arewacin Kamaru da Cadi ya bambanta da na Kano ko Zinder, kuma nan ne aka fi yin asarar jawabi. A Garwa, Marwa da Ngaundare harshen kasuwa Fulatanci ne, a Njamena da Kusseri Larabcin Cadi ne ya fi yawo, takardun ofis kuma da Faransanci suke zuwa, saboda haka Bahaushen da ya tashi magana a ɗaurin aure zai iya samun rabin rumfar ba Hausa ce harshen gidansu ba, wasu suna ji sama-sama wasu ko kaɗan. Abu na farko kenan da mai jawabi zai tambaya kafin ranar: su wa za su zo, wane harshe suka fi ji, akwai tafinta ko babu.

In akwai tafinta to lokaci ya ninka, jawabin minti 10 ya zama na 20, dole a rage kayan tun daga gida. Sannan a riƙa ba shi magana guntu-guntu, jimla ɗaya ko biyu a tsaya. Wanda ya taɓa zama wurin tafsirin azumi ya ga yadda ake yi, mai jan baƙi ya ja aya ya yi shiru, malam ya fassara, ba mai hawa kan wani. Amma sai ka ga mutum ya zuba magana ta minti uku bai numfasa ba sannan ya juyo ya kalli tafinta, bawan Allah ya rasa ta inda zai kama, ƙarshe ya ce "Alhaji ya ce ya gode" a wuce wurin, duk hujjar ta zube a ƙasa. Karin magana ma a yi hattara da ita, "magana zarar bunu ce" tana da daɗi a kunnen Bahaushe amma tafinta sai ya tsaya dogon bayani kafin ta fita, gara a zauna da shi kafin taro a gaya masa karin maganar da za a kawo da sunayen da za a ambata.

Lissafin kuɗi shi ma tarko ne. A Cadi ana ƙirga da riyal, riyal 1 kuwa sefa 5 ne, wato in aka ce dubu a bakin mai Larabci ana nufin sefa 5,000. Mai sanar da gudummawar masallaci ko kuɗin adashi ya faɗi ƙarara da wanne yake lissafi, ya maimaita, in da allo ya rubuta.

Tsarin jawabi

Gaisuwa wajibi ce a wurinmu, kuma tana da jeri. A fara da sallama, sai mai sarauta mafi girma a wurin, "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin sarki", sai malamai da "Allah gafarta malam", sai wakilan hukuma, iyaye maza da mata, sannan sauran jama'a. Tsallake babba laifi ne da ba a mantawa da wuri. Sai dai gaisuwar ce kuma take cinye jawabin mutane da yawa, a kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya har rana ta take, lokacin da za a zo kan batu an fara duba waya. A tara mutane rukuni-rukuni a gaishe su, in mai gabatarwa ya riga ya jero su to a ce an bi sahunsa.

Bayan gaisuwa a faɗi abin da ya kawo mutum a jimla ɗaya. In bai iya faɗinsa a jimla ɗaya a gida ba, bai gama shiri ba tukuna. Sai dalilai biyu ko uku, kowanne da misalin da mutanen wurin suka sani, rijiyar unguwa, kuɗin makarantar yara, farashin buhun gero. A rufe da abin da ake so a yi, wa zai yi, yaushe. Rubuta komai a karanta kai a sunkuye yana kashe jawabi, ƙaramar takarda mai kanun magana ta isa.

Tsoro

Faɗuwar gaba kafin magana ba ragwanci ba ne, aikin jiki ne. Wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, hannu ya kama rawa, murya ta siranta. Yakan fi tsanani dab da farawa sannan ya lafa in an shiga magana. Abin da ke taimakawa: jan numfashi a hankali a sake shi a hankali, kurɓar ruwa, haddace jimlolin farko sosai, da zuwa wurin da wuri a ga inda za a tsaya. Wanda tarbiyya ta hana shi kallon idon manya ba sai ya ƙura musu ido ba, ya riƙa ɗaga kai yana juyawa dama da hagu da tsakiya, har ɓangaren mata da galibi ake mantawa da su a bayan rumfa.

Murya da mikro

Sauri shi ne babban ciwon sabon mai jawabi, yana so ya gama ya zauna. A sassauta, a yi shiru na ɗan lokaci bayan magana mai nauyi. Mikro ba ya son ihu, a riƙe shi kusa da baki ba a manne ba, kada a rufe kansa da tafin hannu, kada kuma a tsaya da shi gaban lasifika don shi ke kawo ƙarar nan mai huda kunne. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar magana, don haka ya kamata mutum ya saba tura murya daga ciki ba daga maƙogwaro ba. Lokacin hunturu ƙura na busar da maƙoshi, a watan Maris zuwa Mayu kuma zafi kan wuce digiri 40 a Garwa da Njamena, mutanen da ke zaune ƙarƙashin tanti a irin wannan rana ba su da haƙurin dogon zance.

Hanyar koyo

An fi koyo a ƙananan wurare, taron dangi, reniyon ƙungiya, musabaƙar Islamiyya, muhawarar makaranta. Waya ma malama ce, mutum ya ɗauki muryarsa yana gwaji ya saurara, zai ji "wato" da "ka gane ko" da "bon" nawa ya zuba. Sannan ya samu wanda ba ya jin kunyarsa ya zauna a sahun baya, bayan an tashi kada ya tambaye shi ko ya yi kyau, ya ce masa ya maimaita abin da ya ji.