Me ke cinye yunit, me ke ƙona taransifoma?

Daga Maris zuwa Mayu, idan zafi ya kankama a Kaduna, tambayoyin da masu gidaje ke yi wa masu aikin lantarki kusan iri ɗaya ne, daga Rigasa har Kawo.

Na sa kati, mako bai zagayo ba ya ƙare. Mita ce ke gudu?

Da wuya. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, kuma kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a jiki. Duk abin da ke yin zafi shi ne mai cin kuɗin: dutsen guga wat 1,000 ko fiye, hitar da ake tsomawa a bokiti 1,000 zuwa 2,000, rishon lantarki ma haka. Fankar sama kuwa wajen 70 take ci, sai ta yi awa 14 tana juyawa kafin ta kamo gugar awa ɗaya. Maigida kan yi ta faɗa da yara a kan cajin waya, alhali hita na cikin bokiti tun asuba.

Ƙwan fitila ma lissafi ne. Tsofaffin ƙwai goma masu wat 60, awa 6 a kullum, yunit 108 ke nan a wata. Irin na LED masu wat 9 suna ba da haske kusan ɗaya da yunit 16.

Idan har yanzu kana zargin mitar, kashe komai, ka zare kowane filogi, ka tsaya gabanta. Jar fitilar da ke ƙiftawa ya kamata ta tsaya. In ta ci gaba, ko wuta na zurarewa ta wata waya da ta feɗe, ko wani ya ja layi daga naka.

Firji fa?

A ba shi tazarar kamar taƙi ɗaya daga bango, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ke bayansa. Sai a rufe ƙofar a kan takardar kuɗi a ja. In takardar ta fito ba gardama, robar ƙofar ta mutu, injin ba zai huta ba.

Me ya sa wutarmu ke yin ƙasa da magariba, ta maƙwabci kuma ras?

Taransifoma layi uku take fitarwa, kowanne ya kamata ya kawo wa gida bolt 230. Mai kVA 300 (ma'aunin girman taransifoma) tana ɗaukar amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, wajen 415 a kowane layi. Matsalar ita ce da zarar layi ɗaya ya yi rauni, kowa sai ya kira yaro ya mayar da shi kan mai ƙarfi. Kafin sati, wancan ma ya durƙushe, fiyus ya yi ta tsinkewa, wani ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa don a huta. Daga nan zafin ya koma cikin taransifomar, man da ke sanyaya ta ya lalace, wata rana a ji ƙara.

Akwai kuma wayar nutural, ta huɗun. Idan ta kwance ko ɓarayi suka yanke ta, wasu gidaje fitila ta koma ja kamar garwashi, wasu kuma wuta ta hau sama da kima ta ƙona talabijin da caja. Ganin haka, a kashe babban makunnin gida nan take. Sitabilaiza ba ta maganin wannan.

Unguwa za ta iya kafa ƙungiyar lantarki ta kanta?

A Amurka tun dokar kai lantarki karkara ta 1936 manoman karkara suka riƙa kafa ƙungiyoyin gama-kai, masu shan wutar su ne masu kamfanin, su ke zaɓen shugabanni. A nan rarraba wuta na hannun Kaduna Electric, mai kula da Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi. Sai dai da ƙa'idarta ta 2016, NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki a Najeriya, ta buɗe ƙofar ƙananan tashoshi da ba su wuce megawat ɗaya ba, akasari na sola, waɗanda al'umma kan ƙulla yarjejeniya da mai zuba jari a kansu. Wannan ya fi dacewa da ƙauyuka da kasuwanni.

A cikin gari, aikin kwamitin unguwa ya fi karo-karo bayan taransifoma ta ƙone. Ya rubuta kowane gida da layin da yake kai, ya nemi ma'aikatan kamfani su auna lodin layukan uku da misalin ƙarfe takwas na dare, a raba gidajen daidai. A yi wa taransifomar shinge da fitila da mai gadi.

To in ta ƙone, wa zai saya?

A ƙa'idar NERC, taransifoma da turaku da wayoyi haƙƙin kamfani ne. In jama'a suka gaji da jira suka ce za su saya, kada a tara ko sisi sai an yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin kan yadda za a mayar musu da kuɗinsu. Ma'aji ya ajiye rasit da lambar da ke jikin taransifomar.