Famfara a Tsakanin Hausawan Legas

Famfara ita ce faɗuwar haƙoran yarinta domin na girma su maye gurbinsu. Haƙoran yarinta 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata 6 da haihuwa, su kammala kusan shekara 3. Na babban mutum kuwa 32 ne.

Yadda take faruwa

Akasari wajen shekara 6 ake farawa, da haƙoran gaba biyu na ƙasa. Sabon haƙori da ke cikin dasashi shi ke cinye saiwar tsohon sannu a hankali har ya soma girgiɗa, shi ya sa wanda ya faɗo ba a ganin saiwa a jikinsa, jinin ma kaɗan ne. Fiƙoƙi da turame su ke zuwa ƙarshe, wajen shekara 12.

Al'ada

Hausawa sun daɗe a Legas ta hanyar fataucin goro da shanu, zuwan jirgin ƙasa Kano wajen 1911 kuma ya ƙara yawansu. Unguwanni irin su Agege, Idi-Araba da Obalende cike suke da iyalan da a nan aka haifi kakanninsu, kuma al'adar famfara ba ta bar gidajen ba.

Yaro kan wuni yana wasa da haƙorin da harshe, ya ƙi cin rake, ya ƙi yarda a taɓa. In ya daɗe yana lilo, sai uwa ko yaya ta ɗaura masa zare ta fizge, a ba shi ruwan gishiri mai ɗumi ya kuskure baki. Daga nan ya damƙe haƙorin a tafin hannu ya jefa kan rufin ɗaki. A Arewa kan soro ake jefawa; a gidajen haya na Agege kwano ne, har a ji ɗan ƙarar saukarsa.

Babban gargaɗi shi ne kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani sabon haƙori ba zai fito ba. Sai ka ga yaro ya toshe baki da hannu in zai wuce jikin katanga. Maƙwabta Yarbawa ma suna da jifa kan rufi da tsoron ƙadangare, don haka yaran tsakar gida ɗaya kan koya wa juna.

Abu mafi daɗi a ciki wasan kaka da jika ne. Kaka ta kira jikanta maigida, ta ce ta fasa auren tunda ya zama mai wawulo, yaro ya yi fushi, a lallashe shi da alewa. A da, kafin takardar haihuwa ta yaɗu, famfara ma'aunin shekaru ce. In an ce yaro ya yi famfara, to ya kusa shekara bakwai da hadisi ya ce a umarce shi da salla.

Saɓani

Malamai da dama na ɗaukar zancen ƙadangare camfi ne. Wasu sun fi son a binne haƙorin, kamar yadda ake yi da gashi da farce.

Halin yanzu

A gidajen sama, inda jifa kan rufi ke da wuya, haƙorin kan ƙare a ƙunshin takarda. Likitocin haƙori, kamar na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, na jan hankalin iyaye kan turmin da ke fitowa can baya wajen shekara 6: na girma ne, in ya ruɓe babu wani da zai maye gurbinsa.